Gishiri a Ƙarƙashin Tudun Yashi

Ku samarin da ke zama a bakin shagon aski kuna kallona ina ɗaure bututu a kan mota, na ji abin da kuke faɗa. Wai aikin Baba Salisu ai ba aiki ba ne, ƙarfe ake soka wa ƙasa a yi ta sama da ƙasa da shi har ruwa ya gaji ya fito. Wani ma cewa ya yi ya gani a waya, ya iya. To madalla. Tunda kun iya, ku matso in gaya muku abin da wayar ba ta nuna ba.

A nan Nima ta Akra aka haife ni, a lungun bayan babbar kwata, kuma ban san yadda ake haƙa rijiya ba sai da gemu ya fara fito mini. Ruwanmu na famfo ne, ranar da ya ga dama ya zo. Wanda ya koya mini sana'ar wani mutumin Nijar ne, Malam Isufu, da ya kama ɗaki a gidanmu. Dogo ne siriri, ba ya dariya, ba ya yabo. Na daɗe a hannunsa bai bar ni na taɓa bututu ba. Laka nake kwaɓawa, in haƙa ramin da ruwan aiki zai taru, in ɗauki kaya a ka daga inda mota ta tsaya zuwa inda titi bai kai ba. In na yi ƙorafi sai ya ce da Hausarsa ta can, “Yaro, ba ka san laka ba, mi za ka yi da ƙarhe?”

Kayan aikin ba su da yawa, shi ya sa kuke raina su. Bututun ƙarfe ne da ake ɗaura ɗaya a kan ɗaya, na ƙasan yana da baki mai haƙora. Sai gwafa biyu da doguwar sanda a kansu, da sarƙa da ta haɗa sandar da bututun. Ƙarti biyu ko uku suna danna sandar, bututu ya tashi, su saki, ya faɗa. Amma ainihin injin tafin hannun mutum ne. Maigida yana tsaye a kan dakalin katako, hannunsa a bakin bututu. In bututu zai tashi ya toshe, in zai faɗa ya buɗe, sai ruwan laka ya yi tsartuwa ya fito da abin da haƙoran suka ci a ƙasa. Ka makara da ƙiftawar ido, ruwan ya koma, ƙarti sun danna a banza, kuma za ka ji sunan kakanka da yare uku.

Da wannan hannun kake gani. Yashi yana kankarar tafi, yumɓu yana zamewa kamar tuwon da ya kwana, tsakuwa tana buga ka har gwiwar hannu. Ku duba tafina, ban da sauran zane a ciki. Ranar da aka ce a ɗauki hoton yatsuna don katin ɗan ƙasa, yarinyar da ke aikin sai da ta kira shugabanta.

Masu kiranmu su ne ƙauyukan da babbar motar haƙa ba ta zuwa, ko don hanya, ko don ta fi ƙarfin aljihunsu. Mutanen kirki ne, amma kowa so yake rijiya ta zauna a ƙofar ɗakinsa. Na taɓa kwana biyu ina jayayya da wani dattijo a wajen garin Dodowa da ya rantse sai a gindin mangwaronsa, ga shi taku kaɗan ne tsakanin mangwaron da shaddar gidan. Wannan mai sauƙi ne, ido yana ganinsa. Wanda ido ba ya gani shi ne gishiri.

Duk ƙasar da ta kwanta daga Akra zuwa Ada, ta gefen teku, gishiri na ƙarƙashinta. Ruwan daɗi yana nan, amma ɗan kaɗan ne, yana zaune a sama cikin yashi, a kan wani shimfiɗaɗɗen yumɓu. Ƙasan yumɓun nan zartsi ne. In ka huda shi, zartsin ya taso ta ramin da ka yi, ya shiga na daɗin, kuma ba rijiyarka kaɗai ka kashe ba, ka kashe duk wurin. Malam Isufu ya koya mini cewa a irin wannan ƙasa ba a sa kashin shanu a ruwan aiki don ya yi kauri kamar yadda ake yi a wasu wurare, ƙasar shuri ake sawa, saboda bakinka zai shiga aikin. Kowane ɗan lokaci ka tari abin da ya fito, ka matse, ka ɗora a harshe. Yumɓun da ke kusa da zartsi yana da ɗan ɗaci-ɗaci, da ƙyar ake ji. Na san yanzu akwai 'yar na'urar da ake tsomawa ta nuna, ina da ita a jakata. A wancan lokaci harshe ne kawai.

Aikin da nake so ku ji ya same ni bayan Malam Isufu ya koma gida, na zama ni ne maigida. Shekarar ba ta yi kyau ba. Damina ta yi gardama, ramuka biyu a jere muka haƙa ba ruwa, ɗaya ya rufta ya cinye mini bututu. Sai ga kira daga wani ƙauyen ƙabilar Adangbe a hanyar Ada, bayan tafkin da ake ɗibar gishiri. Azumi ya kama, amma ba mu da halin cewa sai bayan Salla. Na tafi da ƙartina, babbansu Fuseni, Badagombe ɗan Maamobi, unguwar da ke maƙwabtaka da tamu, wanda muka yi shekaru muna aiki tare. Mutum ne mai ƙarfi da riƙon addini, ko ƙura ta shiga bakinsa da azumi sai ya yi ta tofarwa yana istigfari.

Ƙauyen yana shan ruwa daga wani rami a fadama, wanda mata ke sauka ciki da ƙwarya. Na leƙa, na ga fari-fari a gefen ramin inda ruwan ya ja baya. Wata mata mai suna Dede, wadda ita ce ta tara matan garin suka dage sai an yi rijiya, ta ce mini ramin ya kusa ƙafewa, in ya ƙafe sai tafiyar rabin yini. Muna magana da yaren Ga ne, ni da ita, tana ji ina ji. Na zagaya ƙauyen gaba da baya, ban ga wurin da zuciyata ta kwanta da shi ba sai guda ɗaya, wani tudun yashi mai kwakwa a bayan makaranta. Ba shi da faɗi. In akwai ruwan daɗi a garin nan, to a nan yake, kuma babu na biyu.

Na sa aka kawo tankar ruwan famfo don aiki, don kada zartsin raminsu ya rikita mini baki. Muka fara tun da sassafe. Yashi ne fari mai kyau, bututu yana sauka kamar ana jansa. Kafin rana ta take mun shiga ruwa. Mata suka yi guɗa irin tasu, mai garin, wanda suke kira Nene, ya sa aka kawo masa kujera a inuwar kwakwa.

Ni ban yi murna ba, domin yashin da muka samu da ruwa bai yi kaurin da nake so ba. Rijiya a nan za ta ba da ruwa, amma a hankali. Muka ci gaba. Wajen azahar sai hannuna ya ji ya canza. Kankarar ta ragu, abu mai santsi ya fara fitowa, launin toka, da gutsattsarin ɓawon katantanwa a ciki. Na ɗaga hannu, ƙarti suka rage bugu.

Ga abin da ya tsaya mini. Wani lokaci irin wannan yumɓu ɗan siriri ne, ka wuce shi ka faɗa wani yashin mai ruwan daɗi da yawa, garin ya huta har abada. Wani lokaci kuma shi ne murfin zartsi. A hannu duk ɗaya suke. Harshe ne kaɗai ke raba su. Kuma ba a jira. Ramin da ke cikin yashi nauyin ruwan laka ne ke riƙe da bangonsa, in ka tsaya yashi ya shanye ruwan, bango ya rufta ya kama bututu. Ruwan tanka kuwa saura kaɗan. Zuwa magariba babu ramin da za a yi magana a kansa.

Na tari yumɓun na ɗora a kan harshe. Malamai sun ce ɗanɗanawa a tofar ba ta karya azumi, na san wannan. Amma ba wanda ya gaya mini abin da harshen mai azumi ke zama bayan ya yini a rana yana aiki. Ya bushe, ya yi kauri, gumi yana gangarowa daga gashin bakina. Komai gishiri nake ji. Na lasa bayan hannuna, gishiri. Na sake gwada yumɓun, gishiri. Na gwada yashin da muka fitar da safe, wanda na tabbata na daɗi ne, shi ma gishiri. Wallahi tsoro ya kama ni.

Na ce, “Fuseni, zo ka taɓa wannan a baki.”

Ya ja baya. Masa yake kirana, wato maigida. “Masa, azumi fa. Ni ba na sa komi a baki na koraa, ko kaɗan. Kuma baki na ya bushe ya fi naka.”

Gaskiya ya faɗa. Dukanmu Musulmi ne 'yan Zango, dukanmu da azumi, ba mai harshen kirki ko ɗaya. Sai Fuseni ya nuna matan da ke tsaye. “Ga mutane nan ba su azumi. Ba ma Dede shi ɗanɗana, chale, aboki na, lokaci na tafiya.”

Na ji kamar an sauke mini kaya. Na kira Dede, na matsa mata ruwan yumɓun a tafin hannu. Ta lasa, ta juya shi a baki, ta gyaɗa kai.

“Da daɗi,” in ji ta.

“Ba gishiri?”

“Babu ko kaɗan.”

Wata tsohuwa ta matso ta lasa, ita ma ta ce da daɗi. Nene ya tashi daga kujera, ya ce to me ake jira, a ci gaba, su ruwa mai yawa suke so, ba ɗigo ba. Fuseni ya tofa yawun da ba shi da shi a tafi, ya kama sanda. Har na mai da hannuna bakin bututu. Sai idona ya faɗa kan jarkar da Dede ta ajiye a gefe, wadda ta ɗebo daga raminsu, tana ba 'yarta ƙarama tana sha hankali kwance. Ruwan da na ga ya bar fari a bangon rami.

Na ce a dakata. Na je jakata na ciro ledar fiya wata daga cikin waɗanda muka ajiye don buɗa baki, na ba Dede. Ta huda ta kurɓa, sai ta yamutse fuska.

“Wannan ba shi da ɗanɗano,” in ji ta. “Ruwan Akra kenan, ka sha kamar ba ka sha ba.”

Na ce, “Na jarkarki fa?”

“Wannan ai ruwa ne mai daɗi. Sai in rani ya yi nisa yake ɗan yin nauyi.”

A nan na gane ba ni da mai taimako a garin nan. Ba ƙarya ta yi mini ba. A cikin zartsi aka haife ta, shi ta sha, shi uwarta ta sha. Abin da nake nema ya yi ƙanƙanta da harshenta zai ji. Ruwan ramin da muke haƙawa kuwa yana ta sauka a gabana, Fuseni yana zuba na ƙarshen tanka bokiti-bokiti.

Na karɓi wata ledar, na huda ta da haƙori.

Fuseni ya saki bokiti. “Masa! Me ka ke yi? Rana ya riga ya juya, saura kaɗan a sha ruwa. Ka na da hankali?”

Na kurkure baki na zubar, na sake, harshe bai farfaɗo ba. Sai na yi bismilla na sha. Na shanye ledar, na ƙara wata, da rana tsaka, a gaban ƙartina da duk garin. Ban taɓa shan ruwan da ya yi mini nauyi a maƙogwaro kamar wannan ba. Na wanke fuska da gashin baki, na tsaya har yawu ya dawo. Ɗayan ƙartin yana ta motsa sarƙa don kada bututu ya kafe.

Na fara da yashin safe. Ba komai, ƙasa ce kawai. Na kurkure. Na ɗauki yumɓun toka na ɗora. Da farko shiru. Sai can a gefen harshe, daga baya-baya, ɗacin nan ya taso, siriri, wanda Malam Isufu ya sa na yi ta lasa har na daina mantawa.

Na ce, “A ciro bututu. Nan muka tsaya.”

Nene ya yi faɗa sosai. Ya ce matan garinsa biyu sun ɗanɗana sun ce da daɗi, ni baƙo na fi su sanin ruwan garinsu? Ya ce yunwa ce ta kama mu muke so mu gudu gida. Ban iya ba shi amsar da za ta gamsar da shi ba, domin hujjata tana cikin bakina, ba abin da zan nuna. Muka mulmula yumɓu mai kyau muka tura ƙasan ramin muka danne inda haƙora suka fara ci. Muka sauke bututun roba wanda na tsattsaga da zarto, tsagar ta tsaya a cikin yashi, sama da yumɓun sosai. Tsakuwa a kewaye, siminti a sama. Duk wannan Fuseni fuskarsa a ɗaure take, har a mota da muna dawowa.

Labari ya riga ni isowa Maamobi. Wasu suka ce larura ce, wasu suka ce Salisu ya sayar da azuminsa don aikin arna. Na je wurin malaminmu na gaya masa yadda aka yi, ya faɗa mini abin da zan yi, na yi. Wannan bai hana ni barci ba. Abin da ya hana ni shi ne ban san ko na tsaya da wuri ba. Zartsi ba ya nuna kansa ranar farko. In haƙoran sun riga sun raunata murfin, zai iya ɗaukar watanni yana tasowa. Kuma ba zan iya bugawa in tambaya ba, domin duk wanda ya ɗauka a garin zai ce da daɗi.

Don haka nake zuwa da kaina. Bayan Salla na shiga torotoro, motar haya, na je, na buga famfon, na sha. Daɗi. Ruwan ba shi da yawa, in mata suka yi layi sai an bar shi ya huta, kuma tsofaffi suna ƙorafin ba ya kashe musu ƙishi. Amma Dede ta ce wake yana nuna da wuri, sabulu yana kumfa. Na roƙe ta abu ɗaya, na roƙi Nene shi ma, kada su bar kowa ya zurfafa rijiyar nan ko ya haƙa wata a kan tudun. Kowane rani nake komawa in ɗanɗana in maimaita roƙon. Fuseni ya yi ta yi mini tsiya wai na yi mata a can. Haka muka yi shekaru sun fi goma, Nene ya rasu, aka naɗa wani.

Ranin da ya wuce na sauka daga mota na ga sawun manyan tayoyi sun hau tudun. A ƙarshensa, inda kwakwa ta fi yawa a da, an kewaye fili da bulo. Wani mai hali daga birni ya saya zai yi gidan hutu, ya kawo babbar mota ta haƙa masa bohol a safiya ɗaya, ta wuce yashi, ta wuce yumɓu, ta yi ƙasa abinta. An ce da ruwan ya fito ko kwaɓin siminti bai yi ba, sai ya rufe bakin da faifan ƙarfe ya koma sayen tanka.

Na tarar da Dede a bakin famfonmu, ta tsufa, tana zaune a kan jarka. Ba layi. Na gaishe ta, na tambayi ruwa.

“Ni dai ban ji komai ba,” in ji ta. “Mu manya duk mun sha, mun ce lafiya lau yake.”

Na fara sakin numfashi.

“Yaran ne,” ta ce. “Waɗanda aka haifa bayan ka yi rijiyar. Tun watan jiya suke kurɓa su tofar. Mun yi faɗa, mun yi duka, sun ce gishiri.”

Na'urar tana cikin jakata, ban ciro ta ba. Na buga famfon, na tara hannu, na kai baki. Ba sai na jira ya taso daga gefen harshe ba.

Dede tana kallon fuskata. Ta ce, “Salisu, akwai wani wurin?”

Na taka garin nan gaba da baya tun ranar farko, na san amsar. Na ce mata zan duba. Bututun da kuka ga ina ɗaurewa a kan mota na can ne, gobe da asuba za mu tashi ni da Fuseni, kuma har yanzu ban san inda zan kafa gwafa ba.